Kujerar Nesta a Rumfar Pontgarw

Wasiƙar ta zo ranar Talata a cikin koren ambulan, kuma tun kafin in buɗe na san inda ta fito, domin a wannan kwari namu babu mai taɓa koren abu da son ransa sai mutumin Pontgarw. Sakatariyar ƙungiyarsu ta wasan zari-ruga ce ta rubuto, wata Olwen Treharne, wadda na taɓa koya wa tarihi shekara uku cur ba tare da ko ɗigo ya kama ta ba. Ta yi mini ta'aziyyar matata a layi ɗaya, a makare da shekara biyu, sannan ta shiga abin da ya kawo ta. Kujera ta goma sha huɗu a layi na uku na rumfarsu ta 'yan kallo, mai ɗauke da ɗan allon tagulla da sunan matar tawa, Nesta Beynon, ta zauna wofi a karawar da aka yi a filinsu bayan rasuwar. An kau da kai saboda makoki. Idan ta sake zama wofi washegarin Kirsimetin bana, za a kwance allon, a ba na gaba a jerin masu jira.

Beynon ta rubuta, ba Prosser ba. Shekara arba'in da shida matar nan tana amsa sunana a coci da asibiti da gidan waya, amma a kan wancan benci ba ta taɓa yin aure ba.

Kogi ɗaya ne ya raba Abermelin da Pontgarw, kogin da mai ƙarfin hannu zai jefa dutse ya tsallaka, kuma an sha jefawa. Mu muna da masana'antar kwano, su suna da ramin kwal. An rufe duka biyun tun ina da gashi a ka. Gadon da ya rage mana shi ne gaba, kuma mun kula da ita fiye da yadda muka kula da rufin majami'unmu. Na karanta yaƙin Rum da Kartaj tun daga tushe, kuma ra'ayina shi ne mutanen can sun yi saurin gajiya.

An fara karawa a 1893, a gonar wani manomi da ba a nemi izininsa ba. Ana tsakiyar wasa ya buɗe wa sansa ƙofa. A lokacin mu ne a gaba, su kuma sun ce ƙwallo tana hannunsu, saura taku uku su ci. Har yau mu muna lissafa ranar cikin nasarorinmu, su ma suna lissafa ta cikin nasu, san kuwa ba a ji ta bakinsa ba. 'Yan wasa talatin suka afka kicin ɗin matar manomin don tsira da rai, da suka fita sai aka nemi butar shayinta ta jan ƙarfe aka rasa. Kowane gari ya ce ɗayan ne ɓarawo. Daga baya ta ɓullo, ba wanda ya faɗi inda ta kwana. A kan wannan buta ake dakuwa duk washegarin Kirsimeti tun daga nan, bana a filinmu, baɗi a nasu, wanda ya ci ya ajiye ta a bayan kantar mashayar ƙungiya inda kowa zai gani. Tana yoyo. Ba a taɓa dafa shayi da ita ba a iya sanina.

A shekarar babban yajin aiki, lokacin da yunwa ta daidaita mu, garuruwan biyu sun sha miyar agaji daga tukunya ɗaya, amma a tebur daban-daban. An taɓa yin alƙalin wasa da ya koma gida ta cikin kogi, ba don babu gada ba. Na san duk wannan ne domin ƙungiyarmu ta ɗora mini rubuta tarihin karawar, don bikin cikarta shekara ɗari da ashirin da biyar. Ba don ƙauna suka zaɓe ni ba. Ni kaɗai na rage a garin da ya san inda ake sa waƙafi.

Duk da haka ana auratayya tsakaninmu, don gaba ba ta hana ido gani. Al'adar ita ce, ranar karawa aure yana tafiya hutu. Macen da aka auro daga tsallake takan tashi da safe ta naɗa mayafin wuya mai launin garinsu, ta haye gada ta koma cikin danginta, ba ta dawowa sai an busa usur na ƙarshe an sha shayi. Nesta takan bar mini ragowar naman Kirsimeti a faranti, da 'yar takarda a kai. Rubutun bai taɓa canzawa ba: “Ci ka ƙoshi, kuka na buƙatar ƙarfi.”

Sai kuma 1979, wadda ita ce ainihin aurenmu, in za a faɗi gaskiya.

A filinsu aka yi. Saura minti ɗaya, suna gabanmu da maki biyu. Gwilym Zomo, wanda ya fi kowa gudu a tarihin Abermelin in ka cire waɗanda sa ya kora, ya cafe ƙwallo ya bi ta gefen layi kamar an harbo shi, ya zube a kusurwar da ke ƙarƙashin rumfarsu ya dangwala ta a bayan layin ci. Ina tsaye a kan tudun tokar kwal da ke ɗaya ɓangaren, ƙarƙashin agogo, inda mazan Abermelin ke tsayawa tun zamanin kakanni. Na jefa hulata sama, ban sake ganinta ba. Sai ga tuta a ɗage. A zamanin kowace ƙungiya ce ke kawo mai tutarta, nasu kuwa wani dattijon majami'a ne da bai taɓa ƙarya ba sai a filin wasa. Ya ce ƙafar Gwilym ta taka layin gefe kafin ya faɗi. Alƙali ya soke cin. Buta ta kwana a Pontgarw.

Na dawo gida na ce an yi mana fashi da rana tsaka. Nesta ta cire takalminta, ta aza tukunya, ta ce:

“Kai kana can kan tudu, nisan yadi tamanin, cikin hazo. Ni ina zaune daidai kan wurin. Ta taka layi. Da idona na gani.”

Shekara talatin da shida muka yi a kan wannan magana. Na tono jaridun makon duka, na samo hotuna uku da ba su nuna komai ba sai laima da ƙeyar wani ɗan sanda. Na auna kusurwar da igiya wata rana da babu kowa a filin, daga wajen shinge. Na bi Gwilym har gadon asibiti na tambaye shi, ya ce shi idonsa a rufe yake lokacin da ya faɗi, kuma in taimaka in miƙo masa ruwa. Duk hujjar da na kawo, Nesta takan saurara da haƙurin uwa, ta ce gani ya kori ji. Mun yi gardamar a kan tebur, mun yi a mota, mun yi a bakin teku a Faransa inda wani mai sayar da kifi ya goyi bayanta ba tare da ya ji ko kalma ɗaya ba. Kwana uku kafin ta rasu ta zare abin numfashin da aka sa mata a hanci, na sunkuya ina zaton wasiyya ce. Cewa ta yi, ƙafar ta taka.

Mutane sukan tambaye ni ko gidan ya yi shiru. Ba shirun ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne yanzu duk abin da na faɗa a gidan nan daidai ne.

Ranar Alhamis na haɗu da ƙanin Nesta, Trefor Mahauci, a kan bencin da ke tsakiyar gada, wanda hukumomin garuruwan biyu suka ƙi yi wa fenti saboda an kasa daidaitawa a kan launi. Ya bar sana'a tuni, amma har yanzu yana kallon mutum kamar yana neman inda zai fara yanka. Kujerarsa ita ce ta goma sha biyar, gefen ta yayarsa.

“Idwal Alli, ka tsufa,” ya ce, da laƙabin da allin aji ya jawo mini.

“Kai kuma ka faɗaɗa. Me zai hana ka zauna a kujerun duka biyu? Kayan aikin sun isa.”

Ya ce ya kai wa kwamiti wannan shawara, an ƙi. Sannan ya jero mini dokar, yana lanƙwasa yatsunsa masu kama da tsiran alade. Kujerar mamaciya sai mijinta ko ɗanta ko 'yarta, mu kuwa Allah bai ba mu haihuwa ba. Dole a zauna da koren mayafi a wuya. Dole a zauna tun daga usur na farko har na ƙarshe. Wanda kuma ya yi wa baƙi shewa a cikin rumfar Pontgarw, ko da da murya ɗaya ce, ƙarti biyu za su ɗauke shi ta hammata su fitar, a rubuta kujerar wofi. A da kogi ake kai mutum, yanzu a bakin ƙofa ake ajiye shi, saboda inshora.

Na tambaye shi wane ne ke jira. Ya tofar da yawu a ruwa, ya ce wani likitan haƙori ne da ya taso daga birni, mutumin kirki, irin wanda ke tafa wa ƙungiyoyin duka biyu in sun yi wasa mai kyau. Muka zuba wa kogi ido. Karo na farko ke nan cikin rabin ƙarni da ni da Trefor muka ji ƙyamar abu ɗaya.

“Ba roƙonka nake ba, suruki,” ya ce. “Innarmu ta zauna a kujerar nan, Nesta ta gaje ta. In sun kwance allon sai in karɓa in jefa a aljihun tebur, shi ke nan. Na san ba za ka iya ba. Mutumin da ya yi ihu a jana'iza don ya ji sakamako a rediyon direba. Rufe bakinka na minti tamanin? Ita kanta ta ce sai dai a akwatin gawa.”

Da ya roƙe ni da na ƙi. Ya san haka, ɗan banza.

A namu ɓangaren labari ya riga ni isa. Elfed Hopkin, shugaban ƙungiyarmu, wanda ya yi shekara talatin yana sayar da kafet kuma yake magana kamar yana shimfiɗa shi, ya ja ni gefe a mashaya ya ce abin da zan yi cin amana ne, ba shakka, amma cin amana mai amfani. Babu ɗan Abermelin da ya taɓa zama a layi na uku na rumfar can. In buɗe ido da kyau, in dubi kusurwar nan daga inda suke dubanta, in dawo in rubuta a littafi cewa ko daga nan ɗin ma ƙarya suke yi. Sauran suka yi ta tambayata ko in zo da sabulu su wanke ni bayan na dawo. Wani ya ba ni aron carbin matarsa, ya ce in riƙa ja in ƙaiƙayin ihu ya taso, ko da yake ni ba ɗan Katolika ba ne.

Mayafin bai yi wuyar samu ba. Yana cikin hannun rigarta ta sanyi, a bayan ƙofa, inda ta cusa shi. Ban taɓa rigar ba tun lokacin, ba don wani dalili mai zurfi ba, ƙugiyar ce ba na buƙata. A aljihu akwai rabin ƙunshin alewar na'ana'a da ta daskare ta zama dutse ɗaya. Na ɗauka har da ita.

Washegarin Kirsimeti aka tashi da yayyafin da ba ya jiƙa mutum sai ya gama shiga ƙashinsa. Na haye gada ƙarfe ɗaya, ni kaɗai namiji a cikin mata goma sha tara masu komawa gida, da koren ulu a wuyana yana cizona kamar ya san ni. Wata tsohuwa da aka auro garinmu tun kafin in fara aski ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Sannu amarya, an zo ganin gida?” Suka raka ni da guɗa har bakin fili. Na koyar da 'ya'yan rabinsu, kuma ina tuna makin kowane.

Rumfar Pontgarw daga ciki ta fi muni, abin da ban zaci zai yiwu ba. Warin jiƙaƙƙen ulu, da albasa, da man zafi. Olwen Treharne na tsaye a bakin matakala da ɗan littafi da biro, ta duba wuyana, ta duba agogo, ta rubuta. Layi na uku. Na bi ta kan ƙafafun mutanen da ba su janye ba. Allon yana nan a jikin majingina, bai fi tsawon yatsa ba, yana ƙyalli kamar an ƙera shi jiya, alhali na maƙwabta duk sun yi tsanwa. Na dubi Trefor, ya dubi sama yana nazarin ruwa.

Na zauna. Na gyara tabarau. Alƙali ya busa usur, aka buga ƙwallo sama, ni kuwa na juya hagu don in ga kusurwar da ta cinye mini shekara talatin da shida.

Ginshiƙi na gani. Ƙarfe ne mai kaurin jikin Trefor a samartakarsa, ya taso daga ƙasa ya tokare rufi, an lafta masa koren fenti kamar sau arba'in. Na karkata dama, na karkata hagu. Na miƙa wuya har na ji ƙashi ya yi ƙara. Daga kujera ta goma sha huɗu ba a ganin kusurwar, ba a ganin tutar kusurwar, ba a ganin yadi biyar na ƙarshe na layin gefe. Ko giwa ce ta taka layi a wurin, sai dai ka ji a gari.

“Yaushe aka kafa wannan?” na ce.

“Shekarar sittin da uku,” in ji Trefor, idonsa na kan fili. “Bayan dusar ƙanƙarar da ta lotsa rufi. Baba ya yi faɗa da kwamiti a shekarar, shi ya sa suka dasa shi a gabanmu.”

“A saba'in da tara a nan take zaune?”

“Ina gefenta.”

“Ashe ba ta gani ba.”

“Wa ya gani? Daga sha uku zuwa sha shida ba mai ganin komai a can.”

Na ji jini ya hau mini ka. Jaridu, hotuna, igiyar awo, Gwilym da kofin ruwansa. Mai kifin Faransa. Na dafa gwiwa zan tashi, domin akwai iyakar abin da mutum zai zauna a kai, ko da benci ne. Sai na hangi Olwen ta ɗaga biro, da fuskar wadda ta daɗe tana jiran ranar da za ta ba ni sifiri. Na koma na zauna. Ba don Nesta ba, a wannan minti da tana kusa da na sake ta. Don kada yarinyar da ba ta san shekarar da aka yi kowane yaƙi ba ta rubuta sunana a littafinta.

Na tambayi Trefor ta gefen baki, to me take kallo duk shekarun nan, in rabin abin da ke da daɗi a fili yana bayan ƙarfe. Ya nuna da haɓa. Daidai gaban kujerar, tsallaken fili, babu abin da ya tare, ga tudun toka, ga agogo, ga mazan Abermelin cikin ja da fari sun jeru kamar kaji a kan katanga. A ƙarƙashin agogon akwai ɗan giɓi, faɗin mutum ɗaya, tsakanin Elfed da mai kai wasiƙu.

“Ta ce wasan kowace shekara iri ɗaya ne, amma kai kullum da sabon hauka,” in ji Trefor. “Da hularka take gane maki. Ranar nan ta ga ka jefa ta sama, sannan ta ga fuskarka da aka ɗaga tuta. Sai ta taɓa ni ta ce, ‘Wannan zai ishe mu har mutuwa.’”

Ba na cewa ni take kallo don wani abu, rumfar mai shayi ma a wancan ɓangaren take. Na fasa dunƙulen alewar a jikin benci na jefa rabi a baki.

Wasan kansa ba abin a rubuta ba ne, ko da yake zan rubuta. Ƙarti talatin suna turereniya a taɓo har ba ka bambance kore da ja, ƙwallo na sulɓewa kamar sabulu. Mun buga ta tsakanin sanduna sau biyu, na ciji mayafi sau biyu, ulun tumakin Pontgarw kuwa ɗanɗanonsa yadda kake zato ne. Suka yi ta rera waƙarsu wadda ke bayani dalla-dalla a kan iyayen mutanen Abermelin, matar da ke bayana tana zungurata in amsa, ni kuma ina motsa leɓe ina jero sunayen sarakunan Ingila a zuci don in riƙe hankalina. Da aka tafi hutun rabin lokaci Trefor ya zuba mini shayi a murfin fulas, ya sa sukari biyu bai tambaye ni ba. Haka take sha. Ni ba na sa sukari. Na shanye.

Saura minti biyu suna gabanmu da maki huɗu. Ruwa ya ƙaru. Rumfa ta fara waƙar buta, wadda suke ajiyewa sai sun tabbata. Sai ƙwallo ta fito daga cikin taɓo ta wata hanya da ba wanda ya shirya, ta bi hannu uku, ta faɗa ƙirjin wani siririn mai gyaran famfo da muke sa wa a gefe don babu wani. Ba jikan Gwilym ba ne, kada a ce shirya labarin na yi. Amma ya ruga. Ya wuce ɗaya, ya wuce na biyu, ya bi layin gefe yana nufar kusurwar da ke ƙarƙashinmu.

Na ji ihun ya taso tun daga tafin ƙafata. Shekara saba'in da uku yana bin wannan hanya, ya san ta. Mayafi ya suɓuce daga haƙorana. Na rabu da benci da kamar kamu ɗaya, hannun Trefor ya damƙi bayan rigata, Olwen ta matso taku biyu, ƙartin nan biyu na bakin ƙofa sun fara naɗe hannun riga. Bakina a buɗe yake, na ja iskar. Sai yaron ya shige bayan ginshiƙi.

Bai fito ba. Ni kuma na tsaya da baki buɗe da ihu a maƙogwaro, ba abin da zan ɗora shi a kai. Ya ci? An ture shi? Ya taka? Koren fenti kawai nake gani, da wata tsohuwar cingam da aka manna a jikinsa. Rumfar ta yi tsit. Sai idona ya tafi da kansa inda ya kamata, tsallaken fili, ƙarƙashin agogo. Huluna ne a sama kamar an tashi garken tsuntsaye. Elfed Hopkin, mai shekara sittin da tara da sabon ƙugu na ƙarfe, ya rungume mai kai wasiƙu sun zame tare daga kan tudu a zaune, ƙafafu a sama, har ƙasa.

Haka muke ashe. Haka nake, shekara arba'in da shida, daga nan.

Na koma kan benci na tura fuskata cikin mayafi, kafaɗuna suna girgiza. Matar da ke bayana ta yi ta bubbuga mini baya tana cewa in yi haƙuri, baɗi ma rana ce, ta ɗauka kukan rashin buta nake yi. Ban gyara mata ba, don ni kaina ban tabbatar da abin da nake yi ba. A haka usur na ƙarshe ya same ni, a zaune, da kore a wuya.

Olwen ta zo ta tsaya a kaina. Ta duba littafinta ta gaba da ta baya tana neman abin kamawa, ba ta samu ba. Ta ja layi, ta ce allon zai zauna, sai nan da shekara biyu, Malam, in da rai. Na ce mata ta ƙara waƙafi a jimlarta ta biyu.

Muna sauka matakala Trefor ya ce ƙafar yaron ta taka layi. Na ce ya gani? Ya ce a'a, amma ta taka.

Kafin in haye gada buta ta riga ni isa Abermelin. Na tarar da ita a kan kantar sayar da giya an ɗaura mata jan ƙyalle, mashaya ta cika har ƙofa, tagogi sun yi gumi. Ban cire mayafin ba, mantawa na yi, suka yi mini ihu suka kuma saya mini giya a lokaci ɗaya. Elfed, da toka har ƙeya, ya bubbuga kofi da cokali ya ce a yi shiru. Ga Idwal Alli, in ji shi, mutum na farko daga garin nan da ya zauna daidai kan kusurwar ya dawo da rai. 'Yan tsallake sun fara kukan da suka saba, wai an taka layi. To ga shaida. Ya faɗa mana abin da ya gani.

Na dube su. Fuska sittin, jajaye, masu murna, kowa ya yarda da kowa. Na san wannan yanayi, a cikinsa nake kwana nake tashi shekara biyu ke nan. Na kurɓi giya na ajiye kofin a hankali.

“Ta taka,” na ce. “Da idona na gani.”

Wani ya jefe ni da burodi. Elfed ya ce shi ma ai yana wurin, ya ga ƙafar a ciki da kamu guda.

“Kai kana can kan tudu, Elfed, nisan yadi tamanin, cikin ruwa. Rabin lokacin ma a kwance kake.”

Ban sami damar ƙarasa giyata ba, amma na koma gida da yunwa, abin da na daɗe ban ji ba. Na soya ƙwai uku.

Wata uku ke nan yanzu. Mai kai wasiƙu ba ya jefa mini takarda ta ramin ƙofa kuma, sai ya ƙwanƙwasa ya miƙo da hannu don ya faɗa mini sabuwar hujjarsa. Mai burodi ya zana mini filin a kan gari da yatsa. Wani ya kawo hoton da ya ɗauka da wayarsa, wanda ya nuna laima da ƙeyar wani ɗan sanda. Ina sauraron kowa da haƙuri, in ce gani ya kori ji.

Littafin ya fito makon jiya. A kan 1979 na rubuta layi biyu kacal: cewa shaidu sun saɓa, kuma wata mace da ke zaune a layi na uku ta riƙe maganarta har ƙarshen ranta. Babu ƙarya a ciki ko ɗaya, na duba. Na aika wa Trefor kwafi. Ya dawo mini da shi da gyara goma sha ɗaya da jan biro, duka ba daidai ba, kuma ranar Alhamis zan same shi a tsakiyar gada in faɗa masa.